Fatihar da Baffa Ya Ƙulla

Hillat Mahmudu, kusa da Hajj Abdalla
6 ga Rajab

Zuwa ga Baffa Malam Abdussalami, a Rusairis.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fata kun isa lafiya kai da ɗiyarka Lubna. Shabaka, wato layin waya, ta yanke mana, waya ta zama abin haska ɗaki, shi ya sa na koma wa takarda. Mujahid direban hafila, motar hayar nan, zai kawo maka ita.

Baffa, ranar Asabar waccan na kawo maka kunun safe kamar yadda na saba, na tarar da ƙofarka da kwaɗo. Na tsaya riƙe da kwano kamar wawuya. Maƙwabta suka ce ka faɗa musu za ka Sinnar a duba maka ido, da yamma ka dawo. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan. Sai jiya Mujahid ya ce mini ai ba a Sinnar kuka tsaya ba, har Rusairis kuka wuce, gidan Alamin surukinka. Ban san an fi iya duba ido a Rusairis ba, amma ni ba likita ba ce.

Ka yi mini afuwa in tuna maka abin da ka fi ni sani. Juma'ar da yaƙi ya iso birnin Madani, kowa a garin nan ya ɗaure kayansa. Kai ne limaminmu, ka tashi ka ce kakanninmu sun baro Sakkwato a ƙafa, a nan bakin tur'a, magudanar ruwan noman nan, suka sauke kaya, kuma bayan wannan zango babu wani. Ka ce alkama na cikin ƙasa, wanda ya bar hawasharsa, gonar da aka raba masa, ya bar gumin ubansa. Sannan ka sa aka ɗaga hannu aka yi fatiha a kan cewa babu gidan da zai tashi, in zama ne tare, in tafiya ce tare. Gida talatin da ɗaya suka shafa. Mu mata muna bayan katanga muka ɗaga namu. Hannun Inna na dama ba ya ɗaguwa, ni na riƙe mata shi sama har aka ce amin.

Yanzu ga halin da ake ciki. Allurar sukarin Inna ta ƙare. Ɗakin maganin garin nan ya rufe, mai kula da shi ya gudu. Ɗan gyambon da ke yatsan ƙafarta ya ci gaba, ya fara baƙi. Mijina Hamid yana Sinnar da yara, ya aiko cewa in kawo ta mustashfa, asibitin can, tun ana iya bin hanya, Mujahid kuma ya ce zai kwantar mata da kujerar baya. Inna ta ƙi. Ta ce ita ba ta tsallake fatiha, Malam ya ƙulla, Malam zai kwance. Ka san matar yayanka, in ta kafe ko jaki ya sallama mata.

Tun da aka harbe Mato, ɗaya daga masu gidajen nan, a bakin ruwa babu mai zuwa hawasha shi kaɗai. Masallaci ba liman, Alhaji na ƙofar gabas ke jan salla, ga shi ba a jin muryarsa daga sahu na biyu. Mutane na tambayata yaushe za ka dawo, don sun san ni ce 'yar gaban goshinka. Na ce musu kwanan nan, har na yi faɗa da wata da ta ce gudu ka yi.

Don Allah Baffa ka dawo, ko kwana ɗaya ne, ka yi wa Inna magana da bakinka. Ka gaishe mini da Lubna da mutanen gidan.

Ɗiyarka,
Sakinatu

*

Rusairis
15 ga Rajab

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗiyata mai albarka Sakinatu. Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan haka, takardarki ta same ni cikin lafiya da godiyar Allah. Ina gaishe da mahaifiyarki Yaya Zainabu, Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ina gaishe da Alhaji da dukkan jama'a.

Zancen ido kuwa, da muka isa Sinnar sai na tarar da cunkoso mai yawa, na ga ya fi kyau in raka Lubna wurin dangin mahaifiyarta tukuna, kasancewar ta budurwa, zamani kuma ya lalace. Niyyata in komo da zarar Allah ya sauƙaƙa. Kin san al'amarin hanya a yau ba a hannun mutum yake ba.

Na nemi allurar a nan ban samu ba, sai wasu ƙwayoyi da mai magani ya ce suna ragewa. Ga su nan a hannun Mujahid, tare da zuma kaɗan. A wanke ƙafar da ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma, a yawaita addu'a. Ki ce wa Yaya Zainabu addini sauƙi ne, kuma mara lafiya yana da uzuri a wurin Ubangijinsa.

Game da masu magana, ki yi haƙuri da su, kada ki biye musu. Mumini ba ya munana zato ga ɗan'uwansa.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare ku da tsarewarsa. Wassalam.

Baffanki,
Abdussalami

*

Rusairis, ranar da Abuya ya rubuta tasa

Yaya Sakina, salam. Ya jikin Inna? Ma'alesh, ki yi haƙuri, Hausata ta rubutu ba ta da kyau, kin sani. Na ba Mujahid wannan daban, Abuya bai sani ba.

Na ga abin da ya rubuta miki, wallahi na kasa cin abinci. Ba mu tsaya a Sinnar ba ko minti goma, idonsa kuma lafiyarsa ƙalau. Yaya, ba zai dawo ba. Alamin ya ba shi ɗaki a bayan gida, har an buga masa katako a bango.

Kin san me ke kan katakon? Littattafansa. Duka. Buhu shida ɗin nan da kika ɗinke bakinsu da hannunki, da ya ce miki gara ta shiga ɗakin karatu, za a kai su ajiya Hajj Abdalla. Mun zo mun tarar da su a nan, sun riga mu isowa. Ki tuna ranar da kika ɗinke su. Laraba ce, kafin Juma'ar fatiha.

Ban faɗa miki don ki tsane shi ba. Ya'ani, ni ma ban gane masa ba. Ba ya koyar da kowa, an ba shi limanci a masallacin unguwa ya ƙi. Yana zama a bakin kogi har rana ta yi zafi. Sau biyu na ji yana kiran sunan Mato cikin addu'a yana kuka. Amma in na ce Abuya ka koma ka yi musu magana, sai ya ce halas, ba maganar yara ba ce.

Kada ki jira shi. Ki ɗauki Inna ko da ƙarfi ne. Ki gaishe ta, ki ce Lubna na kewar tuwon asidarta.

Ƙanwarki,
Lubna

*

Hillat Mahmudu
24 ga Rajab

Zuwa ga Baffa.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, don an koya mini gaisuwa. Ƙwayoyi da zuma sun iso, an gode.

Yaya littattafai? Ina fata gara ba ta bi su har Rusairis ba.

Kada ka tuhumi kowa, ni na tambaya aka gaya mini. Laraba ka sa ni zama a tabarma da basilla, ina ɗinke buhu ina tausaya maka, har ina cewa zan samo toka in zuba a gindin bango. Juma'a ka hau mumbari ka ce babu inda za mu. Ashe takardu ka fitar, mutane ka bari. Baffa, ka ci amanata, kuma zafin da nake ji bai bar ni in saya magana ba.

Ka san abin da maganarka ta ja mini? Ranar Alhamis, ana gobe fatiha, Hamid ya ce mu tafi. Bai yi dogon bayani ba, ka san shi, ya ce shi dai jikinsa bai ba shi ba. Na ce a jira a ji ta bakin Malam. Da aka yi fatiha bai ɗaga hannu ba, kowa ya gani. Na dawo gida na ce masa matsoraci a gaban uwarsa da yaransa. Washegari ya ɗauki Audi da Rayan ya tafi, ni na tsaya ina ganin kaina jikar masu hijira. Yau wata ɗaya da rabi ban ga 'ya'yana ba, kuma mutumin da na zaga shi ne ke aiko mini da sabulu da gishiri.

Kwanakin nan ina wanke ƙafar Inna ina tambayar kaina, wai ni daga ina na samo ra'ayin nan da na kusa kashe aurena a kansa? Na duba, na sake dubawa, ban ga ranar da na zauna na yi tunaninsa ba. Tun ina shekara bakwai kake zaunar da ni kana ba ni labarin kakanni, da muryar nan taka, ni kuwa ina haɗiya. Shekara goma sha huɗu ina koyarwa a makaranta, ina ce wa yara kada su karɓi magana sai sun auna ta. Ni ban taɓa auna taka ba ko sau ɗaya.

In ka sake shawara, ba laifi ba ne, mutum yana sakewa. Amma sai ka faɗa. Kai ka sake a cikinka ka hau mota, mu ka bar mu da tsohuwar maganarka muna gadinta. Gida goma sha biyu sun tashi da suka gane ba ka dawowa, suna tafiya suna sunkuyar da kai kamar ɓarayi. Gida goma sha tara suna nan, yawanci tsofaffi, sun ce ba za su gamu da Allah da karyayyar fatiha ba. Ruwa ya ɗauke a tur'a, alkamar da aka ce a tsaya dominta ta bushe a tsaye.

Na karanta wa Inna inda ka ce mara lafiya yana da uzuri. Ta ce ta ji, amma ba ka ce ka kwance ba. Ta fi ka gaskiya, ba ka ce ba. Baƙin ya kai idon sawu. Na gwada ɗaukarta da ƙarfi ni da Mujahid, ta riƙe ƙafar angarib, gadon da take kwance, tana kuka tana cewa in ji tsoron Allah. Na sake ta.

Ba wa'azi nake nema ba. Ka gaya mini gaskiya, sannan ka kwance abin da ka ƙulla.

Sakinatu

*

Rusairis
4 ga Sha'aban

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ɗiyata Sakinatu, wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da Yaya Zainabu. Na karanta takardarki sau da yawa. Duk abin da kika faɗa haka yake, kuma takardata ta farko akwai ƙarya a cikinta, ina neman gafarar Allah da taki.

Kin nemi gaskiya. Maganar nan ta ƙarshen zango ba ni na ƙirƙire ta ba. Daga mahaifinmu na ji ta, kakanki, shi kuma yakan faɗe ta ne duk lokacin da aka ce mana baƙi a wurin rabon hawasha. Da ita yake ɗaga kanmu. Na tashi da ita, na yi shekara arba'in ina faɗinta, kuma ba ta taɓa cutar da kowa ba, don ba a taɓa gwada ta ba.

Ranar Larabar nan ban yanke cewa zan tafi ba, Allah shi ne shaida. Tsoro ne ya shige ni, na ce bari in kawar da littattafai, na gaya wa kaina cewa wannan kiyaye ilimi ne, ba gudu ba. Amma tun da na yi miki ƙaryar gara, ai na san akwai abin da nake ɓoyewa. Ranar Juma'a na shiga masallaci da niyyar in ce kowa ya duba abin da ya fi masa. Da na tashi na ga idanun mutane duk a kaina, har da dattawan da suka girme ni, sai tsohuwar maganar ta fito da kanta. Na ga fuskoki sun saki. Daɗin haka ya ɗebe ni har na kira fatiha, abin da ban shirya ba.

Mato ya zo wurina bayan kwana tara. Ya ce an ga masu bindiga a kan gadar tur'a, ko ya halatta ya kai iyalinsa Sinnar ya dawo? Na ce masa ya daure, an riga an shafa. Bayan kwana biyu ni na yi masa wanka. Ina juya shi sai abin ya faɗo mini, abin da yaro ma zai gane: kakannin nan da nake kafa hujja da su, ai tashi suka yi. Sun ga abin da ya fi ƙarfinsu, suka bar gidaje da gonaki da kaburburan iyayensu, suka tsira da addininsu da 'ya'yansu. Ni kuma na ɗauki labarin tafiyarsu na ɗaure jikokinsu da shi. Kwana biyar ina juya wannan a raina, ina neman inda zan kuɓuta, ban samu ba.

Abin da ya rage shi ne in tashi a masallaci in ce na yi kuskure. Matar Mato tana bayan katanga cikin takaba, 'ya'yansa suna sahun gaba. Sakinatu, na kasa. Na fi jin tsoron idanunsu da tsoron bindiga. Sai na ce ido ke ciwo.

Ga wata takarda daban na sa a ciki, da sa hannuna. Na rubuta cewa na janye, fatihar ta warware, babu laifi a kan duk wanda ya tashi, nauyin yana wuyana. Ki ba Alhaji ya karanta bayan salla, ki karanta wa Yaya Zainabu. Ki nemi gafarar Hamid, ki ce masa ya fi ni gani.

Allah ya shirye ni. Wassalam.

Baffanki,
Abdussalami

*

Hillat Mahmudu
12 ga Sha'aban

Zuwa ga Baffa.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Takardunka biyu sun iso.

Na yi kuka da na karanta ta farkon, ba zan ɓoye ba. Ban ce na huce ba, amma na daina ganinka kamar wanda ya shirya mana tarko. Hamid kuwa ban jira ka ce ba, tun makon jiya na rubuta masa. Ya amsa da layi biyu, ya ce in zo kawai, yara na tambaya.

Ta biyun ba ta yi aiki ba. Alhaji ya karanta bayan azahar, sai wani dattijo ya ce shi bai san an taɓa kwance fatiha ta hannun direba ba. Suka ce a masallaci aka ƙulla, ido da ido, a nan za a kwance. Ka fi ni sanin mutanenka, ban san yadda aka yi ka zaci za su karɓa ba.

Na karanta wa Inna sau biyu. Ta karɓi takardar ta shafa ta, ta mayar mini. Ga abin da ta ce, ban ƙara ba ban rage ba: "Hannu muka ɗaga, ba takarda muka rubuta ba. Ki ce wa Abdu ya zo. Ni na goye shi ranar da uwarsa ta rasu, ba zan ci shi ba."

Na ce mata Inna ai ba ke kika ɗaga ba, ni na ɗaga miki, ki bar laifin a kaina. Ta ce amin ɗin fa, wa ya faɗa mata?

Zazzaɓi ba ya sauka yanzu. Ƙafar tana wari, turare ba ya rufe shi. Ba ta cin komai sai ruwan kunu. Mujahid ya ce tafiya biyu ta rage masa ya ajiye hanyar nan, don shingaye sun yi yawa. Zai tashi daga Rusairis ranar Litinin. Ka ce tsoron idanun mutane ya kore ka. To idanun suna nan ba su tafi ko'ina ba, matar Mato ma tana cikin gida goma sha taran nan da marayunta huɗu.

Ka hau motar Litinin, Baffa. Ba ni da sauran abin da zan rubuta.

Ɗiyarka,
Sakinatu

*

Hillat Mahmudu
26 ga Sha'aban

Baffa,

Assalamu alaikum. Sannu da hanya. An ce mini ka sauka ɗazu a motar Mujahid ta ƙarshe, kana zaure a gidan Alhaji. Ta Litinin waccan mun jira ta a bakin hanya, buhun gishiri kawai aka sauke.

Inna ta rasu shekaranjiya da hantsi. Ta tambaye ka sau biyu. Kabarinta na gabas da na Baba, ƙasar ba ta bushe ba, ba za ka ɓata ba.

Kada ka zo mini gaisuwa yanzu. Mutane za su taru a masallaci da la'asar, Mujahid kuma zai juya gobe da safe. Ka je ka tsaya a inda ka tsaya, ka faɗa musu da bakinka. Ina bayan katanga, kusa da matar Mato. In na ji an ce amin, ka zo, ƙofa a buɗe take.

Sakinatu